Idon da ke sama da kunnen da ke aljihu: sharhi kan finafinan leƙen asiri

Duk wanda ya taɓa zama a fadar matasa a Maraɗi, a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho ko Sabon Gari, ana jiran shayi na biyu ana kallon fim ɗin Amurka a waya guda, ya san wurin da kowa yake yin tsit. Wurin shi ne inda akta ya fito da gudu daga wani gini, sai hoton ya ɗaga sama, a nuno shi ɗan mitsitsi kamar tururuwa a kan allon wani ɗaki mai duhu, inda wasu ma'aikata suke faɗin lungun da ya shiga da launin rigar da ke jikinsa. A nan ne wani zai girgiza kai ya ce ai mutanen nan ko allura ka yar a Gulbi suna ganinta, sauran kuma su amsa da cewa haka ne. Wannan amincewar ce ta sa na ga ya dace a tsaya a duba irin waɗannan finafinai da kyau, domin sun faɗi gaskiya a wani wuri tun kafin ƴan jarida su faɗe ta, sun kuma shuka mana kuskure a wani wuri, kuskuren da yake tasiri a kan yadda muke kallon wayoyinmu da hukumominmu.

Uban wannan salo a idon mai kallo na yau shi ne Enemy of the State, wanda Tony Scott ya shirya, ya fito a 1998, Will Smith da Gene Hackman suna ciki. Labarin wani lauya ne a Washinton wanda aka jefa masa wani faifai a cikin jakar sayayya ba da saninsa ba. Faifan yana ɗauke da hoton kisan wani ɗan majalisa da ya ƙi goyon bayan dokar da za ta ƙara wa hukumomin tsaro ikon sauraren jama'a, wanda ya sa aka yi kisan kuwa babban jami'i ne a hukumar NSA, hukumar da aikinta shi ne tattara bayanan sadarwa. Daga nan aka shiga farautar lauyan: aka dasa masa na'urori a takalmi da agogo da alƙalami da wando, aka bi shi da tauraron ɗan Adam da jirage masu saukar ungulu. A lokacin da fim ɗin ya fito, mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin ƙarin gishirin ƴan fim. Bayan shekara uku aka kai harin 11 ga Satumba 2001, a cikin kwana 45 kuma Amurka ta kafa dokar da ake kira Patriot Act, wadda ta buɗe wa hukumomi irin ƙofofin da ɗan majalisar cikin fim ya mutu yana ƙoƙarin rufewa.

Salon ya girmi 1998. Tushensa yana cikin shekarun 1970, lokacin da badaƙalar Watergate ta kai shugaba Nixon ga yin murabus a 1974, sannan kwamitin majalisar dattawa da Sanata Frank Church ya jagoranta a 1975 ya tono yadda hukumomin leƙen asiri suka daɗe suna buɗe wasiƙun ƴan ƙasa suna sauraren masu fafutukar haƙƙin baƙar fata, har da Martin Luther King. Abin da ya biyo baya shi ne dokar 1978 da ta kafa kotu ta musamman mai ba da izinin sauraro. Finafinan sun taso ne daga ƙasar da ta kama gwamnatinta dumu-dumu tana laɓe, shi ya sa bos ɗinsu yake sanye da kwat, yana da ofis da albashi.

A ganina, wurin da Enemy of the State ya fi kusa da gaskiya ba ya cikin guje-gujen. Kafin a fara harbin lauyan, sai da aka fara tona masa asiri. Aka aika wa matarsa hotunansa tare da wata tsohuwar budurwarsa, aka sa jarida ta alaƙanta shi da ƴan daba, wurin aikinsa suka sallame shi, katin bankinsa ya daina aiki, matarsa ta kore shi daga gida. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Abin da Bature yake nufi da sirrin mutum ya fi karkata ga a bar shi shi kaɗai, mu kuwa ba mu san zaman kaɗaici ba, muna zaune ne a gidan yawa inda kowa ya san abin da aka dafa a kowace tukunya. Abin da muke roƙon Allah kullum shi ne rufin asiri, wato kada abin da mutum yake lulluɓewa, bashi ne ko ciwo ko rikicin aure ko karayar jari, ya fita zuwa inda zai zubar masa da mutunci. Ginin gidanmu ma a kan haka aka tsara shi: zaure ne iyakar baƙo, ba a wuce shi sai da sallama da izini. Addini ya ƙarfafa wannan, domin aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Wanda ya mallaki asirin mutum ba ya buƙatar ɗaga masa hannu, domin ɗan kasuwar Maraɗi da aka bayyana cewa jarinsa ya karye ya riga ya faɗi ko da shagonsa cike yake da kaya, tun da ba wanda zai sake ba shi amana a Kano ko Kwatano.

To amma ta yaya ake samun asirin a zahiri? A nan ne fim da gaskiya suke rabuwa. Tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoto dalla-dalla yana kewaya duniya ne a ƙasa-ƙasa, yana gama zagaye ɗaya a cikin kusan awa ɗaya da rabi, saboda haka yana wuce gari a cikin ƴan mintoci, ba ya iya tsayawa cak a kan rufin wani yana bin sa lungu-lungu, balle ya nuno fuskar mutum daga gefe. Abin da yake bin mutum na gaskiya yana cikin aljihunsa, kuma shi ya saye shi da kuɗinsa. Kowace waya, muddin tana kunne, tana sanar da eriyar da ta fi kusa da ita cewa ga ta nan, domin in ba haka ba kira ba zai same ta ba. Kamfanin waya yana da rajistar wanda ya kira wa, da ƙarfe nawa, minti nawa aka yi, kuma a ƙarƙashin wace eriya. Ita kanta wayar tana da lambarta dabam da ta layi, shi ya sa canza layi a cikin tsohuwar waya ba ya ɓatar da kowa. Layin kuma an yi masa rajista da katin shaida, haka nan kuɗin da aka aika ta kamfanonin tura kuɗi yana tafiya da suna da lamba.

Waɗannan bayanai ni ina kiransu sawun kira, domin aikinsu ɗaya ne da na masu bin sawu idan an kore shanu. Mai bin sawu bai ga ɓarawo ba, bai ji abin da ya faɗa ba, amma ya san su nawa ne, ina suka tsaya, wace dabba ce take ɗingishi, wane gari suka nufa. Haka nan wanda ya ga cewa wata mata ta kira asibiti sau uku a mako guda, sannan ta kira uwarta da tsakar dare ta yi awa guda, sannan wayarta ta kwana huɗu a wata unguwa da ba ta mijinta ba, ya san labarin gidan ba tare da ya saurari kalma ɗaya ba. Abin da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin kwangila na NSA, ya fara fallasawa a watan Yuni na 2013 irin wannan ne: umarnin kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon miƙa wa NSA rajistar kiran abokan hulɗarsa kowace rana, lambobi da lokaci da tsawon kira, ba tare da muryoyin ba. Masu kare shirin suka ce ai ba a saurari kowa ba. A 2014 Michael Hayden, wanda ya taɓa shugabantar NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai. Wani abin lura shi ne a fim ɗin The Bourne Ultimatum na 2007, ɗan jaridar da na'ura ta tsinci kalma guda a wayarsa, aka bi shi har tashar jirgin ƙasa ta Waterloo a Landan aka harbe shi, ma'aikacin jaridar Guardian ne, kuma jaridar ce bayan shekara shida ta fara buga takardun Snowden.

Kuskure na biyu ya fi na tauraro illa, domin ya shafi yadda ake fahimtar laifin kansa. Fim ɗin faɗa yana buƙatar bos, bos kuma dole ya mutu kafin a tashi. Saboda haka kullum ana nuna cewa wani jami'i ne guda ya kauce hanya, yana aiki a ɓoye ba da sanin manyansa ba, idan aka harbe shi sai komai ya koma daidai, akta ya koma gida wurin matarsa. Abin da takardun Snowden suka nuna ya saɓa da haka. Shirin yana da sa hannun alƙalai, shugabannin kwamitocin majalisa sun san da shi, gwamnatoci biyu na jam'iyyu biyu sun ci gaba da shi, ma'aikatan kuma mutane ne masu zuwa aiki da safe su tashi da yamma. Ba a kawo ƙarshen tattara rajistar kiran ta wannan hanya da bindiga ba. Wata kotun ɗaukaka ƙara ce ta yanke a watan Mayu na 2015 cewa doka ba ta ba da wannan izini ba, majalisa kuma ta yi sabuwar doka a watan Yuni na shekarar. Wannan ba ya yin daɗin kallo, shi ya sa ba a cika yin fim a kansa ba, amma a nan maganar take.

Akwai kuma abin da ya kamata mai kallo a Maraɗi ya lura da shi, wanda mai kallo a Amurka ba dole ya damu da shi ba. Abin da yake tayar da hankali a finafinan shi ne an juya na'urar a kan ɗan ƙasa. Sauraren baƙo kuwa aiki ne na yau da kullum, doka ma ta tanade shi: sashe na 702 na dokar 2008 ya ba hukumomin Amurka damar tattara sadarwar wanda ba ɗan Amurka ba ne kuma yake zaune a wajen ƙasar, ba tare da neman izinin alƙali a kan kowane mutum ba, shirin PRISM da ya shafi manyan kamfanonin intanet kuma a ƙarƙashin wannan sashe yake. Ma'ana, mu da muke tafa wa akta a fada ba a sahunsa muke ba. Muna cikin ɗigo-ɗigon da suke wucewa a gefen allo. Fim ɗin da ya kalli wannan ɓangare da idon basira shi ne Eye in the Sky na 2015, inda jami'ai a Ingila da matuƙin jirgi marar matuƙi da ke zaune a Nebada suke muhawara a kan harba makami kan wani gida a Nairobi, alhali wata yarinya ta kasa burodi tana sayarwa a jikin katangar gidan. Da aka ga lissafin yiwuwar mutuwarta ya yi yawa, sai aka matsa wa mai lissafin har ya sauko da shi zuwa kashi 45 cikin ɗari, aka harba, yarinyar ta mutu. Duk wanda ya san yaran da suke talla a bakin tasha a garin nan ya san wace ce wannan yarinya.

Mu kuwa jirgi marar matuƙi ba labarin fim ba ne a wurinmu. Amurka ta gina sansani na 201 a Agadas da kuɗi fiye da dalar Amurka miliyan 100, jirage samfurin MQ-9 suka fara tashi daga can a 2019, suna iya shafe kusan kwana guda a sama suna kallon wuri ɗaya, abin da tauraro ba ya iyawa. A watan Maris na 2024 hukumomin Yamai suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, zuwa watan Satumba na shekarar sojojin suka gama ficewa. Sai dai gani daga sama ba ya nufin fahimta. A ranar 29 ga Agusta 2021 Amurkawa sun bi wata farar mota a Kabul na tsawon kusan awa takwas, suka ɗauki jarkokin ruwa a matsayin abubuwan fashewa, suka kashe mutum goma ƴan gida ɗaya, bakwai daga ciki yara, daga baya suka amsa cewa kuskure ne. Tun 1974 fim ɗin The Conversation na Francis Ford Coppola ya taɓo wannan, ko da yake mai sauraren cikinsa ɗan kwangila ne mai zaman kansa: ya naɗi hirar wasu mutum biyu tsaf, amma ya juya ma'anar jimla guda, ya ɗauki masu shirin kisa a matsayin waɗanda za a kashe. Sai a ƙiyasta abin da zai faru da harshe irin namu mai cike da habaici da zaurance, a garin da ɗan kasuwa zai iya cewa a waya kaya sun tsallake cikin dare, yana nufin buhunan wake.

Zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan, domin mutumin Madarumfa ko Gidan Rumji yana da tasa tambayar, kuma tana da nauyi. Shekaru ke nan ƴan bindiga suna tsallako iyaka suna kore dabbobi suna ɗauke mutane, kuma da waya suke kiran dangi suna cinikin kuɗin fansa, wani lokaci har makonni. Wanda ya sayar da gonarsa don ya fanso ɗansa ba ya kukan an saurare shi, kukansa shi ne me ya sa ba a saurari waɗancan ba. Finafinan sun ƙara masa takaici, domin sun koya masa cewa hukuma tana danna maɓalli ɗaya ta ga mutum, saboda haka idan ba a kamo su ba sai ya ce da gangan ne. Gaskiyar ita ce a daji eriya guda tana rufe fili mai faɗin kilomita da yawa, sanin cewa waya tana ƙarƙashinta bai nuna gindin itacen da mai ita yake zaune ba, kuma ko an sani sai an sami dakaru da hanya da haɗin kan ƙasar da ke ƙetaren iyaka. A watan Satumba na 2021 Najeriya ta ɗauki hanya mafi tsauri, ta rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya da ke maƙwabtaka da mu. Mutanen bakin iyaka, na kirki da na banza, suka koma neman rezon Nijar.

Ke nan ba mai hankalin da zai ce kada hukuma ta saurari kowa. Tambayar ita ce wa yake ba da izini, a kan wa, na tsawon wane lokaci, kuma wa yake duba mai dubawa. A ranar 29 ga Mayu 2020, zamanin shugaba Isufu Mahamadu, majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar da ta halatta sauraren sadarwar waya da intanet saboda tsaron ƙasa, ƴan adawa suka ƙaurace wa zaman. Babban abin da masu suka suka riƙe shi ne izinin yana fitowa daga ɓangaren zartarwa maimakon alƙali, alhali tsarin mulkin wancan lokaci ya kare sirrin wasiƙu da sadarwa. Ƙasar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da aka ɗora wa wannan aiki, tana kuma da dokar laifuffukan intanet ta 2019. Bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021 an yanke intanet na waya kimanin kwana goma. Waɗannan su ne abubuwan da suke yanke hukunci a kan asirin ɗan Maraɗi, amma na tabbata waɗanda suka san sunan Jason Bourne, jarumin fim ɗin The Bourne Ultimatum, a fadojinmu sun ninka waɗanda suka san da dokar 2020.

Idan aka tayar da wannan magana, amsar da aka fi bayarwa ita ce mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, wanda ba shi da laifi me zai ɓoye. Karin maganar tana da gaskiyarta a kan ɓarawo, amma ba ta hau nan ba. Mutumin da yake rufe ƙofar ɗakinsa da dare ba sata ya ɓoye ba. Sannan abin da aka tara yau ba ya ruɓewa, yana jiran duk wanda zai hau kujera gobe, a ƙasar da ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Wanda yake ganin na'urar tana hannun mutanensa ya tuna cewa hannu yana canzawa, na'urar kuwa tana nan.

Fim ɗin da nake ganin ya fi kama da zamanmu ba shi da tauraro ko tseren mota. The Lives of Others na Jamus, wanda ya fito a 2006, yana ba da labarin jami'in Stasi, hukumar leƙen asiri ta Jamus ta Gabas, da ke zaune a saman wani gida a 1984 yana sauraren wani marubuci da matar da yake tare da ita. Lokacin da hukumar ta rushe tana da ma'aikata kusan 90,000 da ƴan rahoto fiye da 170,000 a cikin jama'ar da ba ta kai miliyan 17 ba, kuma da aka buɗe takardunta mutane suka tarar da sunayen maƙwabta da abokai, wasu har da mazajensu. Ƙarfinta ya dogara ne ga mutane, da kuma tsoron da ya sa kowa yake tauna maganarsa kafin ya furta. WhatsApp ya kulle saƙonni tun 2016 ta yadda kamfanin waya ba ya iya karanta su a hanya, sai dai idan an shiga cikin wayar kanta da manhaja irin Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda binciken ƴan jarida na 2021 ya danganta da jerin lambobi kusan 50,000, kuma tsadarta ta sa ba a ɓata ta a kan talaka. Saƙon muryar da yake jefa mutum cikin matsala a garuruwanmu yawanci ba ya bi ta wannan hanya. Mutum ne yake yin magana a zauren WhatsApp na ƴan unguwa ko na ƴan kasuwa mai mutum ɗari biyu, yana jin kamar a zauren gidansu yake, wani daga cikinsu ya danna ya tura wa wani zauren, kafin la'asar muryar ta kai Yamai da sunansa da lambarsa a jikinta. Haka nan wayar da aka kai gyara ba a kulle ba, ko aka miƙa wa mai tura finafinai a bakin kasuwa da hotunan iyali a ciki, don a zuba mata sabon fim ɗin leƙen asiri na dala ashirin.